Wadan Itacen Torfi

Kowa a garinmu Dalvik in gari ya waye ya ɗauki shebur, fitar da dusar ƙanƙara yake yi daga gidansa. Ni kaɗai ce mai shigo da ita, a baro kuma, da wannan tsufa nawa. Duk wanda ya gan ni a wancan hunturun ya ce Svala ta taɓu ban ga laifinsa ba, don ni ma da wata na gani tana yi, abin da zan faɗa ke nan.

Mijina Torfi ne ya ja mini. Direban motar madara ne shi har ya ajiye aiki, amma wannan hanyar cin abinci ce kawai. Ainihin aikinsa itatuwa. Kuma ba irin waɗanda masu hankali ke dasawa a bakin shinge su koma ɗaki su sha kofi ba. Ina! Sai an ce masa itace kaza ba ya rayuwa a ƙasar nan, to ranar ba shi ba barci sai ya samo irinsa. Yana da abokan hauka a Norway da Alaska, su aiko masa da iri a ambulan, shi ma ya aika musu. Wani daga Siberiya, wani daga duwatsun Sin, wani ko sunansa ba na iya faɗa. Rabinsu su mutu a hunturun farko, ya yi kwana da kwanaki yana kumbure-kumbure kamar an yi masa rasuwa, sannan ya sake dasa wasu.

Shi ke da itatuwa, ni ke da wahalarsu. Ni ce mai riƙe turke yana bugawa. Ni ce mai ɗinke buhuna in naɗe masu laushin jiki kafin iskar arewa ta taso daga teku, ni ce kuma mai bin tumakin mutane da tsintsiya in sun tsallako shinge. Shekara arba'in da 'yan kai muna haka. Ɗa ɗaya Allah ya ba mu, shi ma sunan bishiya ubansa ya sa masa, Reynir. Ban ce ba na son lambun ba. A watan Yuli, in rana ta ƙi faɗuwa komai ya yi fure, nakan zauna a bakin ƙofa in ji daɗi. Amma Yuli wata ɗaya ne, sauran duk ɗawainiya ce.

A cikinsu duka, wanda Torfi ya fi ji da shi shi ne wanda ba ka ganinsa sai ka durƙusa. Wadan itacen da muke kira vidir ne, irin masu rarrafe a ƙasa can saman duwatsu. Ya haura shekara talatin a gidanmu, amma tsayinsa bai kai ɗan yatsa ba, faɗinsa kuwa bai wuce murfin babbar tukunya ba. Ganyensa 'yan mitsi-mitsi, zagayayyu, da farin gashi a jiki kamar kunnen ɓera. Wada muke ce masa. Torfi ya tsinto shi ne wata shekara da suka hau dutse tattaro tumaki, a wani kwari da ƙanƙara ke daɗewa, ya sauko da shi cikin hularsa, kansa a waje cikin wannan sanyi. Ya ce ruwa biyu ne, iri biyu suka haɗu suka ba da shi, babu kamarsa ko'ina. Bayan 'yan shekaru ƙasa ta zaftare ta tafi da kwarin gaba ɗaya. Ya yi ta yankar reshe yana dasawa ko ya samu na biyu, duk wanda ya kama sai ya yi shekara ya bushe. Shi ke nan, Wada ya zama shi kaɗai. Mutane har daga Reykjavik suke zuwa, manya da su, su kifa ciki a kan hanyarmu suna ɗaukarsa hoto, ni kuma in dafa musu kofi.

Wada yana da hali ɗaya, dole ya kwana ƙarƙashin ƙanƙara tun daga kaka har ƙarshen Mayu. Torfi kan ce sanyi ba ya kashe shi, tashi da wuri ne ke kashe shi. Shi ya sa ya dasa shi ta ɓangaren arewa, a gefen hanyar da ta gangara daga ƙofar gida zuwa ƙyaure, ya kewaye shi da duwatsu. Duk ƙanƙarar da muka kwashe daga hanya, kansa muke jibgawa. A wannan kam bai taɓa ba ni wahala ba, tunda dama sai na share hanyar.

To, a watan Oktoba, ranar da ƙasa ta fara daskarewa, Torfi ya fita wai zai ƙara ɗaure buhun wata bishiya. Na ce ya jira in sa takalmi mu fita tare. Ya ce yanzu zai dawo. Daga kicin na ji faɗuwarsa, a daidai gangaren nan. Kwatangwalo ya karye. Aka tafi da shi asibiti a Akureyri aka yi masa aiki, ni kuma na tare a gidan ƙanwata kusa da asibitin ina jinya.

Da aka fara maganar sallama sai ga Aldis, ma'aikaciyar jinyar da ke zagayawa duba marasa lafiya a garinmu. Yarinyar kirki ce, tare suka yi makaranta da Reynir, amma ba ta iya ɓoye-ɓoye ba.

Ta ce, "Torfi, magana biyu ce. Ko dai hanyar gidanka ta zama babu ƙanƙara ko kaɗan, kullum kana takawa zuwa ƙyaure kana dawowa, ko kuma in nema maka gado a gidan tsofaffi. Ba a tashi daga faɗuwa ta biyu."

Na ce, "In ina watsa yashi fa?"

"Svala, ke ma kin san gangaren nan. Yashi ba ya zama a kansa."

Reynir ya hau mota daga Reykjavik ya zo ya yi abin da kowane gida ke yi yanzu. Ruwan zafin da ya gama zaga ɗakuna yana ɗumama su, maimakon a zubar, sai a bi da shi ta bututu ƙarƙashin hanya. Ya kawo mai gyaran famfo, suka fasa hanyar, suka shimfiɗa bututu, suka zuba siminti. Sannan yaron nan, da zuciya ɗaya, ya ce a zagaya da bututun ta ƙarƙashin duwatsun da suka kewaye Wada. Ya kira ni a waya yana murna.

"Mama, har Wadan Baba na sa wa ɗumi. Bana ba shi ba jin sanyi."

Na ce, "Allah ya yi maka albarka." Lokacin ina tallafe da ubansa a ƙofar banɗaki, ban ma ji abin da ya ce sosai ba.

Ana saura 'yan kwanaki Kirsimeti muka dawo gida. Gari fari fat, rufi da shinge da itatuwan da na naɗe duk sun nutse, hanyarmu kuwa baƙa wuluk tana ɗan tururi. A gefenta ga wani zagaye na jiƙaƙƙiyar ƙasa, Wada a tsakiya tsirara, 'yan rassansa a waje. Torfi bai ko sauko daga mota ba ya gani.

"Ina ƙanƙarar Wada?"

Reynir ya washe baki ya fara bayani. Torfi ya bar shi har ya kai ƙarshe.

"Ɗumi. Ka sa masa ɗumi."

"E mana, Baba."

"Kai, a gidan nan aka haife ka kuwa? Shekara nawa kana riƙe da shebur kana jibga masa ƙanƙara? Shara ka ɗauka muke zubarwa?"

"Wallahi Baba, ni na ɗauka don wurin ne ya fi kusa."

Na ce, "Ya isa haka. Ku shige ciki, kada ku sa ni jinyar mutum biyu."

A teburin kicin aka yi shawara. A tono shi a mayar wani wuri? Torfi ya ce saiwoyinsa sun bi ƙarƙashin duwatsu sun sarƙe, in ka taɓa shi yanzu ka kashe shi. A yanke ɓangaren bututun da ya zagaya shi? Mai gyaran famfo ya ce bututu ɗaya ne tun daga ɗakin ƙasa har ƙyaure, sai an fasa siminti, shi kuwa ba ya fasa siminti sai Mayu. A rufa masa ulu? Torfi ya ce wanda ya rufa bargo a wuri mai ɗumi ƙara ɗumi ya yi, ruɓewa zai yi. Saura abu ɗaya, wani kan famfo ja da ke ɗakin ƙasa. In aka murɗa shi ruwa zai tsaya, ƙasa ta huce. Amma ruwan da ya rage cikin bututun zai daskare ya fasa shi, babu sake buɗewa, hanya ta koma santsi, Aldis ta zo da motarta.

Sai Torfi ya dube ni. Na san kallon nan, tun ina budurwa na san shi.

"Svala, ɗan baro ɗaya dai da safe. Ya isa ya riƙe shi."

Baro ɗaya! Abin da ka zuba da safe kafin tsakar rana ya zama ruwa. Reynir ya yi jigilar kwanakin Kirsimeti, kansa a ƙasa, ko naman rago bai ci na kirki ba. Ranar da zai koma na raka shi mota, ya rage murya ya ce, "Mama, ki bar shi ya mutu mana. Itace ne fa."

Na ce, "Ga ubanka can ciki, shiga ka faɗa masa."

Ya ta da motarsa ya tafi.

Kuma ba kowace ƙanƙara ba, ranka ya daɗe. Wadda motar share titi ke tarawa tana da yashi da baƙin mai, wai za ta ƙona masa saiwa. Sai mai tsabta. Na fara da ta cikin lambu, na kwashi iyakar wadda zan kwasa ba tare da na tona wa sauran itatuwan asiri ba, sannan na koma filin da ke ƙetaren titi, bayan gidan maƙwabcinmu Bogi. In tashi cikin duhu, don a watannin nan rana ba ta leƙo mu, in kai Torfi banɗaki, in shirya shi, in ba shi kunu da magani, sannan in sa takalmi in ja baro. Tayar baro ba ta shiri da ƙanƙara, nutsewa take yi. In tura, in ja, in zage ta. In na juye in daddanna da bayan shebur. Da tsakar rana in sake, kafin duhu ya dawo in sake. Kullum ina jin ruwan yana tsiyaya ta ƙarƙashin duwatsun yana gangarawa kwata.

Torfi kuwa ya sa na ja masa kujera bakin taga. Da cokali yake ƙwanƙwasa gilashi. Ƙwas ƙwas, ya nuna hagu. Ƙwas ƙwas, wai na danna da yawa. Wata rana na ɗaga shebur na nuna shi da shi, na ce, "Ka sake buga gilashin nan, kai zan binne." Bai ji ba, amma ya gane, ya ajiye cokalin. Washegari ya sake ɗauko abinsa.

Bogi maƙwabcinmu ne, tsohon matuƙin jirgin kamun kifi, wanda likita ya hana ɗaukar abin da ya fi kofin shayi nauyi saboda ciwon zuciya. Baki kam ba a hana shi ba. Kullum yana tsaye a barandarsa da busasshen kifi a hannu yana shafa masa man shanu.

"Svala! Nawa kike sayen baro ɗaya? Ina da mai kyau a kan rufi, ta bana ce, ko kyanwa ba ta taka ba."

"Hau ka sauko da ita da kanka, ko ma huta da bakinka."

"Haba uwar lambu, daga tayin ciniki? Jiya a wurin wanka aka tsare ni, wai da gaske ne kina tara ƙanƙara saboda Yuli? Na ce a'a, jariri kuka yi da tsufa, shi kike yi wa shimfiɗa."

"Ka gaishe su. Ka ce in na gama da wannan, su zan bi ɗaya bayan ɗaya."

Ni da wurin wankan gari kuwa mun raba hanya. Da kullum da safe nakan je in jiƙa a ruwan zafi tare da sa'o'ina, mu yi gulmar gari har yatsunmu su yamutse. Yanzu ina lokaci? Wata rana iska ta yaye buhun wata bishiyar Siberiya a bayan gida, wadda ni na raine ta tun tana cikin gwangwani. Na gan shi yana kaɗawa a jikin shinge. Na tsaya na dube shi, na wuce da barona. Tagar Torfi ba ta kallon can.

Shi dai ƙafa sai kyau take yi. Kullum ya kama ƙarfensa mai ƙafa huɗu ya gangara har wurin Wada, ya sa ni in ɗan yaye ƙanƙarar ya leƙa, in mayar, sannan ya ƙarasa ƙyaure don kada Aldis ta yi faɗa. Ranar da ta gan shi ya je ya dawo bai tsaya hutawa ba har tafi ta yi.

"Kai Torfi, ka ba ni mamaki. In ka ci gaba haka, a Mayu da sanda ɗaya za ka yi yawo." Sai ta juyo kaina. "Ke kuma fa? Me ya sami tafiyarki?"

"Tsufa."

"Ɗaga hannunki in gani."

Na ɗaga, bai wuce kafaɗa ba. Ta ja ni gefe ta ce, "Svala, baron nan zai kwantar da ke. In kuwa kin kwanta, ku biyu zan ɗauka."

Na ce na ji. Tana fita na sa takalmi, don lokacin na tsakar rana ya yi.

Ƙarshen Janairu iskar kudu ta zo da ruwan sama. Aka yi ta yi ba ƙaƙƙautawa, filin bayan gidan Bogi ya koma taɓo. Babu inda ƙanƙara mai tsabta ta rage sai wani kwazazzabo a bayan coci, can sama da gari. Can na koma ɗiba. Jiƙaƙƙiya ce, nauyinta ya ninka, kafin in gangaro gida wata ta tsiyaye a hanya. Bogi ya daina tsokana. In na zo wucewa sai ya ce, "Sannu, Svala," ya kau da kai. Wannan sannun ta fi duk tsokanarsa ciwo, ita ta gaya mini yadda na koma.

A makon nan Wada ya farka. Na zo juye baro da hantsi, na tarar ta jiya ta narke duka, ga 'yan toho jajaye sun kumbura a kan rassan, wasu har sun tsage kore yana leƙowa. Allah ya sani, abin gwanin kyau. Na tsaya ina kallonsa raina a ɓace, duk wannan jigilar, ga shi ya tashi abinsa bai tambayi kowa ba. Na sunkuya zan rufe shi, sai bayana ya ce ƙas. Ban faɗi ba. Na dai lallaɓa na zauna a bakin baron, na yi na yi in tashi na kasa. Ruwa yana ta sauka a kaina, ni kuma ko hular da ta zame ban iya gyarawa ba.

Can na ji ƙarar ƙarfen Torfi a kan siminti, ya buga ya ja ƙafa, ya buga ya ja ƙafa. Ya fito da silifas, babu hula babu rigar ruwa. Da ya iso, ni ya fara kallo, wannan kam ba zan yi masa ƙarya ba. Sannan ya kalli Wada, kuma can idonsa ya fi daɗewa.

Ya ce, "Kama nan."

Na kama gefe ɗaya na ƙarfen, shi yana riƙe da ɗaya, haka muka hau gangaren mu biyu a jikin ƙarfe guda, yana nishi ina nishi. Bogi yana barandarsa, ya shige ciki don kada mu ga ya gan mu.

A kicin Torfi ya zaunar da ni ya ce shi zai dafa kofi, abin da bai yi ba tun faɗuwarsa. Rabi a kofuna, rabi a tebur. Rediyo yana ba da labarin yanayi na tsakar rana: gobe iska za ta juya arewa da dusar ƙanƙara mai yawa, bayanta kuma sanyi mai tsanani. Ya miƙa hannu ya kashe.

"Kin ji."

"Na ji."

"In ƙasa ta huce yau, ƙanƙarar gobe za ta zauna a kansa. Zai yi asarar tohon da ya fito, amma zai koma barci. In ba ta huce ba ganye zai buɗe, sanyin jibi ya ƙone shi. Ba shi da ƙarfin toho biyu."

"Ba zan iya jan baro gobe ba, Torfi. Ko jibi, ko gata. Na gaji. Ba bayana kaɗai ba, ni ɗin ce gaba ɗaya na gaji."

"Na sani. Ki sauka ki rufe famfon."

Na dube shi. "Ka san abin da kake faɗa kuwa?"

"Ki kira Aldis. Zuwa Mayu ne kawai."

"Zuwa Mayu! Wa ka sani da ya shiga can ya fito? Yayanka ma zuwa Ista aka ce. Can babu ƙyaure, babu abin da zai tashe ka daga kujera. Zama za ka yi gaban talabijin har ƙafar ta sandare, kai ma ka sani."

"Ba zan iya zama bakin taga ina kallo kina karyewa ba, Svala. Saboda ke ne."

Na so in yarda. Wallahi na so, don rabon da in ji irin wannan magana daga bakinsa har na manta. Na riƙe kofin da hannu biyu ina jin ɗuminsa, na ɗan bar maganar ta zauna mini. Sannan na ajiye shi.

"To in saboda ni ne, ai da sauƙi. A bar famfo a buɗe, in jingine baro. Kai kana gidanka kana takawa, ni ina jinyar bayana, Wada ya yi abin da zai yi. Ka ce in bar shi, Torfi. Ba wata doguwar magana ba ce. Ka ce, Svala, bar shi."

Ya buɗe baki. Ya kalli kofinsa, ya kalli hannuna da ya tsattsage, ya sa hannun rigarsa ya goge abin da ya zuba a tebur. Ban katse shi ba, ban taimake shi ba, na jira har kofina ya huce. Idonsa ya cika da ƙwalla, tsoho da shi, amma bakin nan ya ƙi faɗa. Can sai ya ce, a hankali, "Babu wani irinsa fa."

Na laluba fushi a cikina ban same shi ba, shi ma ya ƙare. Baƙin ciki kam akwai. Amma a ƙarƙashinsa wani abu ya taso wanda ba zan ɓoye ba. Na hango safiya babu baro, babu cokali a gilashi, babu tallafar mutum zuwa banɗaki, in kwanta in yi barci har sai na gaji da shi. Tunanin ya yi mini daɗi. Na ji kunyar daɗin, kuma kunyar ba ta rage shi da komai ba.

Na dafa tebur na miƙe. Matakalar ɗakin ƙasa da baya-baya na sauke ta, ina riƙe da ƙarfen gefe. Can ciki ɗumi, ruwa yana ta gudu a bututu da 'yar ƙararsa. Jan kan famfon ya yi tauri, sai da na sa hannu biyu na jingina kafaɗa da bango. Ya juya kaɗan, ya ƙara juyawa, ƙarar ta yi siriri ta ɗauke. Na ƙara matse shi don kada ya ɗiga.

Da na hauro yana nan inda na bar shi.

"Ya rufu?"

"Ya rufu. Wace rigar sanyi zan sa maka a jaka, shuɗiyar ko mai ruwan toka?"

"Shuɗiyar." Ya kalli taga. "In ƙanƙarar ta sauka, kada ki bar kowa ya taka wurin."

Na ce to. Na ɗauki waya na kira Aldis.